PESQ ko POLQA, wa ya fi kunne?

Wai ta yaya na'ura zata gane muryar waya ta fita ras? Da can sai an tara mutane su saurara su bada maki 1 zuwa 5, wato MOS, ga tsada ga cin lokaci. Sai ITU, hukumar sadarwa ta duniya, ta kawo PESQ a 2001, wani tsarin auna ingancin murya da na'ura, yana gwada asalin muryar da wadda ta iso, amma in netwok na ja ko matse maganar sai makinsa ya kauce. POLQA na 2011, wanda ya gaje shi, ya fishi gaskiya, musamman a kiran intanet da murya mai faɗi, wato irin ta HD, sai dai lasisinsa da kuɗi. Shi kuwa E-model, wata hanyar kimanta ingancin kira, ko sauraro baya yi, jinkiri da ɓatan data yake lissafawa, ni dai a wajen tsara netwok nake ganin amfaninsa.