Ƙaton jaririn da kowa ya yaba

Ranar suna, duk wadda ta karɓi yaron sai ta ce tubarkalla, ta ƙara gyara riƙo saboda nauyi. Kilo huɗu da rabi ya zo da shi. Surukata tana ta fara'a, tana gaya wa baƙi ita ta yi kiwon cikin nan da hannunta. Ni kuwa ina ɗaki da ɗinki a mara, don sai da aka yi mini aiki aka ciro shi, kuma ya kwana biyu a ɗakin jarirai da ƙarin ruwa a hannu saboda sugan jininsa ya faɗi. Wannan ɓangaren ba wanda ya gaya wa 'yan suna.

Hajiya ba ta yi ƙarya ba, ta yi kiwo. Dama ni mai jiki ce tun ina gidanmu. Da laulayi ya sake ni a wata na huɗu sai aka sakar mini mara: kunu da suga cokali uku da ƙosai da safe, fura da hantsi, shinkafa da rana, lemon kwalba mai sanyi da la'asar, tuwo malmala biyu da dare. In na ture kwano sai ta ce, "Haba 'yar nan, ai ku biyu ne. Ƙara." Awo sau uku kacal na je, gwajin suga kuwa layi ya kore ni.

Sai a ciki na biyu, bayan shekara uku, na fahimci abin da ya faru. A sati na 26 aka ce in zo ban karya ba, aka ba ni ruwan suga giram 75 na shanye, zaƙinsa har maƙoshi, aka ɗebi jini sau uku. Sakamako ya nuna ciwon sugan masu ciki. Wata dattijuwar nas ta zaunar da ni, ta juya bayan katina ta zana mahaifa da mabiyiya. Ta ce sugan da ke jinin uwa yana ratsa mabiyiya ya shiga jikin ɗa, amma insulin ɗinta, wato sinadarin da ke sarrafa sugan, ba ya ratsawa. Dole jikin ɗan ya riƙa ƙera nasa da yawa, shi kuma ya tattara rarar ya mayar kitse, galibi a kafaɗu da ciki. Da an yanke cibiya suga ya daina zuwa, insulin na nan birjik, sai jinin jaririn ya wayi gari babu suga. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Na farkon naki ba haka ya yi ba?" Na kasa magana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun ƙwayoyin kitse. Tun a watannin tsakiyar ciki suke fara samuwa, suna ƙaruwa a yarinta har zuwa balaga, daga nan yawansu kusan ya tsaya. Babba in ya rame, ƙwayoyin motsewa suke yi, adadinsu na nan. Shi ya sa yaron da ya taso daga ciki cikin rarar suga ya fi kusa da teɓa da ciwon suga in ya girma. Ba wai an yanke masa hukunci ba ne, amma an sa masa kaya tun bai iya zama ba.

Daga nan na tafka nawa kuskuren. Tsoro ya sa na fara horar da kaina da yunwa, ina tsallake abincin rana, har jiri ya kusa kayar da ni a bakin murhu. Nas ɗin ta yi mini faɗa sosai. Daga baya na karanta labarin yunwar da aka yi a ƙasar Holan a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, daga 1944 zuwa 1945. A 1976 aka fitar da binciken samari kusan 300,000 da aka auna lokacin ɗaukar soja, aka ga waɗanda yunwar ta sami iyayensu mata a farkon ciki sun fi sauran teɓa. Ashe yunwar ma hanyar can take kaiwa.

Aka tsara mini: mai jiki irina ƙarin kilo 5 zuwa 9 ya ishe ta a duk cikin, kuma "na mutum biyun" nan bai wuce ɗan ƙarin kwano guda a watannin ƙarshe ba. Na koma malmala ɗaya ta tuwon dawa da miya mai ganye sosai, kwaɗon zogale, wake, ƙwai, kifi. Bayan kowane abinci in zaga tsakar gida kamar minti goma sha biyar. Na sayi 'yar na'urar huda yatsa, ita ta tona asirin kunu: ko ban sa suga ba, in na sha shi zalla lambar sai ta hau, in na rage shi na haɗa da alale sai ta lafa.

Duk wannan bai kai shawo kan Hajiya wuya ba. Gani take ina ƙyamar girkinta. Maigida ne ya yi dabara, ya roƙe ta ta raka ni awo, nas ɗin ta sake yi mata zanen nan a bayan kati. A hanyar dawowa ba ta ce uffan ba, amma washegari da kanta ta aiki yaro ya sayo zogale.

Yarinyar ta zo da kilo uku da 'yan kai, ba ta ga ɗakin jarirai ba. Bayan arba'in na koma aka sake gwada ni, sugan ya sauka, amma an ce in riƙa dubawa don yana iya dawowa. Ranar suna Hajiya ta ɗaga ta sama, ta juya ta, ta ce, "Wannan 'yar firit ɗin, kamar ba jikata ba." Sai ta waiga ta hango yayan yarinyar riƙe da kwalbar lemo ta biyu, ta miƙa hannu ta karɓe, ta ba shi ruwa.