Ku Tambayi Majinyaci Daga Wane Gari Ya Zo

Ƙannena da ke karatun likita, musamman masu sha'awar fannin lafiyar al'umma, ku riƙe tambayar da na daɗe ban ɗauke ta da muhimmanci ba: daga wane gari, wace unguwa?

Farkon aikina a Zamfara, abin da na iya shi ne duba wanda ke gabana. In rubuta magani, in ce na gaba ya shigo. Gurbin adireshi a rajista kuwa, sunan ƙaramar hukuma kawai muke sawa, wani lokaci ma a bar shi fayau. Da hunturun ƙarshen 2016 aka fara kawo mana yara da zazzaɓi mai zafi, wuya a sanƙare, jarirai maɗiga a kumbure, alamun sanƙarau ke nan. Na ba su ceftriaxone, allurar kashe ƙwayoyin cuta, wasu suka tashi, wasu Allah Ya karɓi abinSa. Ban taɓa jera katunansu wuri ɗaya ba, da na ga ƙauyuka ƙalilan ne ke ta maimaita kansu.

Abin da ya ruɗe ni, rigakafin MenAfriVac da aka yi a 2011 ya sa na ɗauka an gama da sanƙarau. Alhali nau'in A kaɗai yake karewa, wanda ya zo mana kuwa nau'in C ne. Kafin annobar ta lafa a 2017, an yi zargin ta kama sama da mutum 14,000 a ƙasar nan, fiye da 1,100 suka rasu, kuma jiharmu ce ta fi kowace jin jiki. Har yau ina tuna makonnin da na zauna jiran sakamakon gwaji kafin in kai rahoto. Ba a jira. Zargi kaɗai ya isa ka kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarka. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a fili take: zargin cutar a kan mutum 3 cikin 100,000 a mako guda faɗakarwa ce, 10 kuwa annoba.

Wannan jami'in, mai yawo a babur da fom a jaka, na ɗauke shi ƙaramin ma'aikaci. Ya fi ni sanin halin da ƙasa take ciki nesa ba kusa ba. Haka mai unguwa, da ungozoma, da mai kemis, da masu haƙa kabari. Gubar dalma ta 2010 a yankunan Anka da Bukkuyum ta kashe yara sama da 400, kuma mutanen garuruwan sun daɗe suna ganin ƙananan kaburbura na ƙaruwa, ana cewa zazzaɓin cizon sauro ne, kafin a gano dalma ce a cikin dutsen zinaren da ake niƙawa a tsakar gida.

Ku koyi ƙidaya da zana taswira tun kuna makaranta. In dama ta samu ku nemi horon NFELTP, inda ake koyar da bin sawun annoba a fili. Yanzu akwai rigakafin sanƙarau na Men5CV mai kare nau'i biyar, Najeriya ce ta fara amfani da shi a 2024, amma sai an san inda cutar take kafin a kai shi. Ga rashin tsaro ya rufe asibitocin ƙauyuka da dama, labari ta waya yake zuwa. Duk garin da aka tura ku, ku je gaida hakimi da liman a makon farko, ku karɓi lambobinsu, ku bar musu naku.