Kwaɗin da Ke Kwance a Ƙarƙashin Damagaram

A daren da aka yi ruwan farko mai ƙarfi a bana, kududdufin da ke bayan unguwarmu, wanda ya yi wata bakwai a bushe har yara na buga ƙwallo a cikinsa, ya cika kafin sallar isha, kuma kafin tsakar dare kukan kwaɗi ya game unguwar baki ɗaya. Ɗan ƙanwata da ke zaune a wurina ya ce, “Kawu, abokaina sun ce da ruwan sama suke faɗowa. Gaskiya ne?” Sai na tuna masa abin da muka gani tare a watan Afirilu, ranar da wani mai yin tubali da ke haƙar ƙasa a wannan kududdufi ya kira mu, ya nuna mana kwaɗo a cikin laka mai ɗan danshi, wajen kamu biyu ƙasa, ya dunƙule ƙafafunsa a ƙarƙashin cikinsa, idanunsa a rufe, ba ya ko motsi sai ɗan bugun maƙogwaro. Mutumin ya ɗauke shi a hankali ya mayar da shi wani rami ya rufe, yana cewa shi tun yana yaro aka gaya masa Manzon Allah (SAW) ya hana kashe kwaɗo.

Kwaɗo yana cikin rukunin dabbobin da masana ke kira amfibiya, kalmar da asalinta Girkanci ne mai nufin rayuwa biyu, wato ta ruwa da ta tudu. An san nau'i fiye da 8,000 a duniya, kuma a ganina duk wanda ya fahimci fatarsu ya fahimci inda suke zama da inda suka kasa zama. Fata ce marar gashi, marar ɓawo, wadda ruwa da iska ke ratsawa. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Yakan zauna ne a kan danshi, fatar cikinsa ta tsotse shi, kuma ta fatar nan yake samun wani kaso na numfashinsa ko da yake yana da huhu. Ƙwansa ma ba shi da ɓawo irin na kaza ko na ƙadangare, yauƙi ne kawai ya lulluɓe shi, saboda haka idan ya bushe ya mutu. Wanda ya duba bakin kududdufi da safe bayan irin wannan dare zai ga ƙwai iri biyu. Na kwaɗon tsakar gida mai kaushin baya yana zuwa a jere kamar zaren tasbaha, na wasu kuwa yana yawo a dunƙule ko a shimfiɗe a saman ruwa. Daga nan talibambam ke fitowa, da wutsiya, yana numfashi a ruwa irin na kifi, yawanci yana cin gansakuka, har sinadarin da wata halitta a maƙogwaronsa ke fitarwa ya sa ƙafafu su tsiro, wutsiya ta narke cikin jiki, hanji ya gajarta don ya dace da cin ƙwari.

Da yake haka fatar take, ruwa da ɗumi ne suka raba su a doron ƙasa. Brazil kaɗai tana da nau'i sama da 1,000, Kolombiya na biye mata, domin dazuzzukan Amazon da gangaren duwatsun Andes ba sa rabuwa da danshi. A Antatika babu ko ɗaya. Gishiri yana zuƙe ruwan jikinsu, shi ya sa teku ta zame musu katanga, har tsibirai masu nisa irin su Hawai ba su da kwaɗo na asali sai wanda mutane suka kai. Madagaska kuwa, da ta daɗe a ware, tana da nau'i fiye da 300 waɗanda kusan dukkansu ba a samun su a ko'ina sai can.

Kusan tara cikin goma na wannan rukuni kwaɗi ne. Sauran sun kasu iri biyu, kuma mu a nan ba mu san su ba, shi ya sa ba su da suna a Hausa. Akwai salamanda, mai siffar ƙadangare amma da fata mai laushi da danshi, wadda mazauninta arewacin duniya ne, musamman Amurka, kuma ɗaruruwan nau'o'inta ba su da huhu sam, da fata kaɗai suke numfashi. A Afirka ana samunta a Maroko da Aljeriya da Tunisiya, amma kudu da Sahara babu ita ko ɗaya. Akwai kuma wata marar ƙafafu mai kama da babbar tana, da ke zaune cikin ƙasa mai danshi a wurare irin su Kamaru da Tanzaniya. A maƙwabtanmu ma akwai abin mamaki: kwaɗo mafi girma a duniya yana kogunan Kamaru da Ikwatoriyal Gini, tsawonsa kan kai santimita 32, nauyinsa ya haura kilo 3, a kan dutsen Nimba da ke iyakar Gini da Kodebuwa da Laberiya kuwa akwai wani ɗan ƙarami da ba ya saka ƙwai, yakan ɗauki ciki wajen wata tara ya haifi ƴaƴansa da siffarsu cikakkiya.

Amma ni na Damagaram sun fi ɗaukar hankalina, domin bisa ƙa'idar wannan fata bai kamata su iya zama a nan ba. Ruwan da muke samu a shekara bai wuce wajen milimita 400 ba, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, sauran watannin kuwa hunturu ne da bazara. Dabararsu ita ce wadda muka sani a wurin gaiwa: shiga laka da jira. Wasu suna da ɗan tauri a dunduniyar ƙafar baya kamar bakin magirbi, da shi suke haƙa da baya-baya har su nutse. Can ƙasa bugun zuciya yana raguwa, jiki yana cin kitsen da aka tara da damina, ruwan da aka ajiye a mafitsara yana komawa jini kaɗan-kaɗan. Akwai wani babban burduddugi na Afirka da ke saɓule fata yana barin ta a jikinsa, ɗaya bisa ɗaya, har ta zama kube da ya rufe shi duka in ban da ƙofofin hanci. Wasu kuma ba sa haƙa, sai su laɓe a bakin rijiya, ko gindin randa, ko tsagar duwatsun nan da suka cika Birni, tsohuwar unguwar Damagaram.

Idan ruwa ya sauka, gaggawa ce ta rage musu. Kukan da muke ji na maza ne, kowane nau'i da muryarsa, suna kumbura jakar maƙogwaro don kiran mata, domin kududdufi ba ya jira. Talibambam na wasu nau'o'in yana zama kwaɗo cikin mako uku, kuma wanda ruwa ya janye ya bar shi kafin ya yi ƙafa, na tururuwa ne da tsuntsaye. A wuraren da ruwa ke daɗewa, kamar tabkin Gidimuni da fadamun Korama da garakan Mirya, ana ganinsu har da rani. Ko a tsakiyar duwatsun Azbin akwai kwaɗi a ƴan tabkunan da ke tsakanin duwatsu, saura ne daga zamanin da Sahara take kore shekaru dubbai da suka wuce, zamanin da aka sassaƙa raƙuman dawa a dutsen Dabus da ke yankin Agadas.

Fatar da ke shigar da ruwa ita ce kuma ke shigar da guba da cuta. Ƙididdigar duniya da aka fitar a 2023 ta nuna kusan kashi 41 cikin 100 na nau'o'insu suna fuskantar barazanar ƙarewa, fiye da tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa. Wata cutar fata da aka gano musabbabinta a ƙarshen shekarun 1990 ta yi musu mummunar ɓarna a Ostireliya da tsakiyar nahiyar Amurka, kuma kwaɗon nan mai launin zinariya na Kosta Rika tun 1989 ba a sake ganinsa ba. A nan gida abin da nake gani da idona shi ne kududdufai na zama juji, ana cike wasu ana gini, ana kuma wanke tulun feshin maganin ƙwari a bakin ruwa. Ba na musun cewa kududdufi a tsakiyar gari yana kawo sauro da ambaliya, na kuma san gidajen da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa rashi. Sai dai wanke tulun feshi a ruwa ba ya rage wa kowa wannan wahala, kashe mai cinye fara da shinge da sauran ƙwari kawai yake yi.

A tsakiyar Agusta yaron ya zo da gudu ya ja ni zuwa bakin kududdufin. Ƙananan kwaɗi ne, kowanne bai fi ƙwayar wake ba, wasu da guntun wutsiya har yanzu, suna fitowa daga ruwa ɗaruruwa suna nufar ciyawa. Ya tsuguna ya ƙirga har tamanin, sannan ya tashi ya je ya tare wani mai amalanke da ke tahowa, ya roƙe shi ya bi ta ɗaya gefen hanya.