Daga asibitin Tiantan zuwa ƙauyen Liaoning: abin da na gano kan binciken shanyewar ɓarin jiki a ƙasar Sin

Duk likitan da ya haɗa wa mai ƙaramar shanyewar jiki asfirin da clopidogrel, magungunan hana jini dunƙulewa, na kwana 21, a Kano yake ko a Landan, da binciken Sinawa yake aiki, ko ya sani ko bai sani ba. Shi ya sa da damar ziyarar aiki ta samu a watan Oktoba, ban yi wata-wata ba na ce Beijin za ni. Jirgin Habasha na bi daga Kano, muka ya da zango a Adis Ababa, daga nan aka kwana a sama. Agogonsu ya riga namu da awa 7. Mai niyyar zuwa ya saka Alipay ko WeChat a wayarsa tun daga gida, don ko mai shayi ba ya son takardar kuɗi. Abincin halal kuwa ba ya wuya, shagunan taliyar Lanzhou suna kusan kowace unguwa.

Asibitin Tiantan ya samo sunansa ne daga tsohon wurin ibadar sarakuna da yake maƙwabtaka da shi a da, amma tun 2018 ya koma sabon gini a gundumar Fengtai, kudu maso yammacin birnin. A nan cibiyar ƙasa ta binciken cututtukan ƙwaƙwalwa take. Kafin a nuna wa baƙo gado ko na'ura, alƙaluma ake fara jera masa, kuma da dalili. Ƙidayar da aka yi a 2013 a larduna 31, kan mutum 480,687, ta nuna kowace shekara kimanin mutum miliyan 2.4 ke kamuwa, miliyan 1.1 ke mutuwa, wasu miliyan 11 kuma suna raye da ciwon. Kusan kashi 70 cikin ɗari toshewar jijiyar jini ce, kusan kashi 24 fashewarta ce a cikin ƙwaƙwalwa. Wannan kason na fashewa ya fi na Turai nesa ba kusa ba, kuma ya fi kama da namu: binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana, har da asibitocin Kano da Zariya, ya sami kashi 32.

A sashen gaggawa abin da suke kira koriyar hanya ya fi ɗaukar hankalina. Mai alamun shanyewa ba ya bin layin kati, ba a kuma tsayar da 'yan uwansa a tagar biyan kuɗi, sai bayan an gama. Nas ta caki yatsa ta duba suga, domin faɗuwar suga tana kwaikwayon shanyewar jiki sak. Likita ya auna tsananin ciwon da ma'aunin NIHSS, wanda ke tashi daga maki 0 zuwa 42, yana tambayar abu guda: ƙarfe nawa aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya lau? Ba lokacin da aka tsince shi ake lissafi da shi ba, kuma nan ne 'yan uwa suka fi rikita likita. Sai hoton ƙwaƙwalwa na CT. In babu jini a hoton, kuma ba a wuce awa huɗu da rabi ba, kuma hawan jini yana ƙasa da 185 bisa 110, sai a ɗaura alteplase, maganin narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya: miligiram 0.9 ga kowane kilo na nauyin jiki, kada ya haura 90, kashi goma cikin ɗari a allura ɗaya, sauran a ɗiga cikin awa guda. Burin shi ne daga ƙofa zuwa allura kada a kai minti 60.

In kuma hoton ya nuna jini, hanya ta sauya baki ɗaya. Binciken INTERACT3 na 2023, mai mutum 7,036, galibinsu Sinawa amma da asibitocin Najeriya a ciki, ya gwada haɗa abu huɗu a tare: a sauko da lambar sama ta hawan jini ƙasa da 140 cikin awa guda, a riƙe suga, a hana zafin jiki wuce 37.5, a warware aikin warfarin, maganin tsinka jini, ga wanda ke shan sa. Babu na'ura mai tsada ko ɗaya a ciki, amma marasa lafiya sun fi farfaɗowa. Ƙaninsa INTERACT4 na 2024 shi ne ya kamata a karanta wa duk mai kemis. An gwada sauko da hawan jini tun cikin motar asibiti, kafin a ɗauki hoto, a kan mutum 2,404. Masu fashewar jijiya sun amfana, masu toshewa sun cutu, saboda sashen ƙwaƙwalwar da ke kewaye da toshewar da wannan matsin jinin yake rayuwa. Ƙwayar hawan jini ta nifedipine da ake saka wa mutum ƙarƙashin harshe a unguwa da zarar bakinsa ya karkace, caca ce da ƙwaƙwalwarsa.

Binciken da ya ɗaga sunan Tiantan shi ne CHANCE, ƙarƙashin Farfesa Wang Yongjun, wanda aka buga a 2013. Tambayarsa ƙarama ce: mutumin da ya yi ƙaramar shanyewa, mai maki 3 ko ƙasa, ko wanda hannunsa ya mutu na 'yan mintuna ya dawo, me za a ba shi kada babbar ta biyo baya? Domin a kwanakin farko take zuwa. Mutum 5,170 a asibitoci 114 aka raba gida biyu cikin awa 24 da farawar ciwon. Rabi asfirin kaɗai. Rabi clopidogrel miligiram 300 a ranar farko, sannan 75 kullum har kwana 90, tare da asfirin 75 na kwana 21 kacal. Bayan wata uku, kashi 8.2 cikin ɗari ne suka sake shanyewa a masu magani biyu, kashi 11.7 a masu asfirin kaɗai, kuma zubar jini mai tsanani bai bambanta ba. Hikimar tana cikin gajartawar. Binciken Turawa na baya sun haɗa magungunan nan wata da watanni, ribar ta ƙare a makonnin farko, zubar jini kuwa ya ci gaba da taruwa. Kurakuran da ake yi da tsarin sanannu ne: a fara shi babu hoto, a manta da 300 ɗin farko, a bar majinyaci yana shan biyun shekara guda don babu wanda ya rubuta ranar tsayawa a kati, ko a ba wa mai bugun zuciya marar tsari, wanda maganin tsinka jini na daban yake buƙata.

A ɗakin gwaji aka nuna mini abin da ya biyo bayan wannan. Clopidogrel ba ya aiki yadda aka haɗiye shi, sai hanta ta juya shi da wani sinadari mai suna CYP2C19. Da suka koma kan jinin mutanen CHANCE, sai suka ga kusan kashi 59 cikin ɗari sun gaji wannan sinadarin da rauni, kuma a wurinsu ƙarin clopidogrel bai tsinana wani abin kirki ba. A Turawa da mutanen Afirka adadin bai kai haka ba, yana wajen ɗaya cikin uku. Gwajin ba wuya: ma'aikaciya ta goga tsinken auduga a cikin kumatu, ta karya kansa cikin 'yar kwalba, ta saka a na'ura da ba ta fi akwatin hannu ba, cikin awa ɗaya da rabi sakamako ya fito. Da shi aka yi CHANCE-2 a 2021, kan masu wannan gadon su 6,412 a asibitoci 202. Ticagrelor, madadin clopidogrel da ba ya buƙatar wannan sinadarin, miligiram 180 a farko sannan 90 safe da yamma, ya mayar da sake shanyewa kashi 6.0, clopidogrel ya tsaya a 7.6. Amma ƙananan zubar jini irin haɓo da taruwar jini a ƙarƙashin fata sun ninka, kuma wasu kan yi kukan numfashi na sarƙe musu. Ko babu gwajin gado, akwai darasi na kyauta: omeprazole da ake sha don gyambon ciki yana danne wannan sinadarin na hanta, don haka kada a haɗa shi da clopidogrel.

Ranar Juma'a na yi salla a masallacin Niujie, wanda asalinsa ke komawa shekarar 996, daga nan na taka a ƙafa zuwa asibitin Xuanwu. Su jijiyoyin cikin ƙoƙon kai ne sana'arsu. Bature ya fi samun kitse ya toshe masa babbar jijiyar wuya, inda likitan fiɗa zai iya kaiwa. Basine kuwa can ciki ne: binciken CICAS ya sami ƙuncin jijiyar cikin kai a kashi 46.6 cikin ɗari na majinyata 2,864. Hankali zai ce a zura ragar ƙarfe a buɗe wurin. Sun gwada a CASSISS, sun zaɓi masu ƙuncin kashi 70 zuwa 99, sun jira mako uku bayan ciwon, sun ba ƙwararrun hannaye aikin, amma a 2022 sakamako ya fito: waɗanda suka sake shanyewa ko suka mutu kashi 8.0 ne a masu raga, 7.2 a masu magani zalla. Dalili guda shi ne daga jikin babbar jijiyar wasu siraran rassa ke fita zuwa tsakiyar ƙwaƙwalwa, kuma ragar kan tura kitsen ya like bakinsu, kamar mai yashe babbar kwata yana cusa taɓon cikin magudanan gidaje. Na yaba musu da suka buga sakamakon da bai yi wa sana'arsu daɗi ba.

Daga tashar Chaoyang na hau jirgin ƙasa mai gudu zuwa Shenyang, babban birnin lardin Liaoning a arewa maso gabas, kilomita wajen 700 cikin ƙasa da awa uku, fasfo shi ne tikiti. Arewa maso gabas ita ce cibiyar ciwon: sababbin kamuwa 365 cikin kowane mutum 100,000 a shekara, alhali kudu maso yamma 154 ne. Sanyi, taba da barasa suna da nasu kason, amma da mota ta shiga ƙauye sai ka ga babban mai laifin da idonka. Masara ce shanye a kowane tsakar gida, kabeji kuma an jera shi jikin bango yana shan iska. A kicin ɗin da aka shigar da ni, uwargida tana shimfiɗa kabeji a wata randa da ta kai ƙugu, ta watsa gishiri da tafin hannu, ta sake shimfiɗawa, ta danne da dutse. Gefe ga wata randar ta dakakken waken suya mai gishiri. Da su za a ci hunturu. Mutumin arewacin Sin yana cin gishiri fiye da giram 10 a rana, ninkin giram 5 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, kuma mafi yawansa daga hannun mai girki yake fitowa, ba daga abincin gwangwani ba.

Wannan ne ya sa binciken SSaSS ya yiwu. A ƙauyuka 600 na lardunan Liaoning, Hebei, Shanxi, Shaanxi da Ningxia, aka ɗauki mutum 20,995 da suka taɓa shanyewa ko suka haura 60 da hawan jini. Rabin ƙauyukan aka riƙa kai musu gishirin da kashi 75 na gargajiya ne, kashi 25 na fotasiyam, isasshe ga girki da jiƙa kabeji na gidan gaba ɗaya. Bayan kusan shekara biyar, a 2021, shanyewar jiki ta ragu da kashi 14, mutuwa da kashi 12. Don sanin ko da gaske ana amfani da shi, fitsarin awa 24 suke aunawa: a zubar da na farkon asuba, a tara duk sauran a jarka har asubar gobe, kuma in an tsallake sau ɗaya lissafin ya lalace. Abin da fitsarin ya nuna ya ba da mamaki. Sodiyam, sinadarin gishirin gargajiya, kaɗan ya ragu, fotasiyam ne ya tashi sosai, lambar sama ta hawan jini kuma ta sauka da ɗan fiye da 3. Saukar da ba ta taka kara ta karya ba a mutum guda, amma a dubban mutane ta hana makoki da yawa.

Ɗakin shan maganin ƙauyen ɗaki biyu ne da murhu. Likitan ƙauye ba mai digirin likitanci ba ne, ya fi kusa da ma'aikacin lafiya na matakin farko a wurinmu. Irinsa Farfesa Sun Yingxian na Shenyang ya horar a ƙauyukan larduna uku, har da Liaoning da Hubei, a binciken da ya haɗa ƙauyuka 326 da mutum 33,995. An ba su takardar matakai, wane magani za a fara da shi, yaushe za a ƙara na biyu da na uku, har a kai ƙasa da 130 bisa 80. An rage kuɗin magani ko an ba da kyauta, an raba na'urar awo ta gida, an haɗa su da ƙwararru ta waya. Na zauna na kalli awo: tsohon ya cire rigar sanyi maimakon naɗe hannunta, ya jingina bayansa, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, minti biyar babu hira, sannan aka auna sau uku. A shekara uku lambar sama ta sauka da 23 fiye da ta sauran ƙauyukan, shanyewar jiki ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Masu jiri saboda faɗuwar jini sun ɗan ƙaru, shi ya sa ake tambayar tsofaffi ko suna ganin duhu in sun miƙe. A ganina duk abin da na gani a Beijin bai kai wannan teburin nauyi ba, musamman ga wanda ya san SIREN ya ɗora kusan kashi 90 cikin ɗari na shanyewar jiki a Najeriya da Gana a kan hawan jini.

A wani kanti a Shenyang na duba buhun gishirin fotasiyam ɗin, gargaɗi ne rubuce a bayansa, kuma daidai yake da waɗanda aka cire daga binciken: mai ciwon ƙoda mai tsanani, mai shan ƙwayar fotasiyam, da mai shan maganin fitsari irin spironolactone. Ƙodar da ta gaza ba ta fitar da fotasiyam, in ya taru kuma zuciya yake tsayarwa, don haka mai hawan jini da ya daɗe ko mai ciwon suga ya gwada ƙodarsa tukuna. Kada kuma wani ya ji wannan labarin ya nufi kasuwa ya sayo kanwa. Mafi yawan abin da ke cikin kanwa sodiyam ne, wanda ya ƙara ta a miya ko a wake da niyyar saukar da hawan jini ya ƙara wa kansa abin da ake gudu ne.