Fitilar birki ba a kashe ta sai aiki ya ƙare

A garejinmu da ke Yamai, motocin da suka fi kawo mana maganar fitilar gargaɗin birki ta tabulo, wato allon gaban direba, su ne BMW da Mercedes 'yan Beljiyam. Mai mota zai shigo ya ce, "Maigida, an sa mini plaket sababbi, amma wutar tabulo ta ƙi mutuwa, ka share mini kawai." To, ba haka muke aiki ba.

Plaket ɗin waɗannan motoci, wato takalmin birki da ke matse faifai, yana da ɗan kaptar a maƙale, waya siririya cikin roba. In plaket ya cinye, faifan birki ya goge wayar, sai fitila ta kama. Kaptar da ya riga ya gogu ya gama aiki, sabo ake sawa. A Mercedes da yawa, da an sa sabon, wutar ta mutu da kanta. BMW kuwa, irin E90 da ta fito a 2005, tana lissafin kilomitan da suka rage wa plaket, gaba daban baya daban. Sai a buɗe kontak ba a tada inji ba, a danne maɓallin kilomita kamar daƙiƙa 10, a nemo alamar birki a mayar da lissafi. In tsohon kaptar ne a ciki, ba za ta karɓa ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu yanke wayar su murɗe bakinta biyu. Tabulo ya yi tsaf, mutum ya kwashi iyalinsa ya kama hanyar Doso da Konni da birkin da ba zai ƙara yi masa gargaɗi ba. Su ne kuma ke sa jabun plaket mai ƙara tun makon farko, sannan a zo ana ce mana kuɗinmu ya yi yawa.

A Tawa na koyi sana'a, kan Peugeot 504. Maigidana, Allah ya jiƙansa, da kunne da tafin ƙafa yake gane ciwon birki, kuma ba ya barin yaro ya ɗaure ƙafar mota sai ya duba da kansa. Yau ina da baliz, na'urar binciken mota, da nake sokawa a kafar OBD mai baki 16, da ita nake janye birkin hannu na lantarki kafin in taɓa plaket na baya. Duk da haka sai na auna kaurin faifai, na duba man birki, DOT 4, wanda ke shan danshi har ake canza shi duk shekara 2, na taka feda ta yi tauri, na zagaya da motar. Bayan nan ne yarana ke miƙo mini baliz in kashe fitilar.