Akwatin laƙabin da muka ƙera sau ɗaya

Mu uku ne a shagonmu nan Maraɗi, ni da samari biyu, sana'armu rubuta manhajojin intanet. Wani Alhaji mai hatsi a babbar kasuwa ya kawo mana aiki: yana son shafin da zai riƙa shigar da kayan sitonsa, kuma kowane kaya a liƙa masa ƴan kalmomi, kamar wake, sabon girbi, na Dakoro, na kai wa Jibiya, yadda in ya nemi abu zai fito nan take.

Irin wannan akwati na shigar da kalmomin laƙabi a shafi mun taɓa rubuta shi sau biyu, kowane karo daga tushe. Abin ya dame ni, don lokacinmu shi ne jarinmu. Na ce wa yaran wannan karon za mu ƙera shi da React, wato kayan aikin gina shafukan intanet, ya tsaya da ƙafarsa. Ba ya riƙe komai nasa: shafin da ya ɗauke shi ke miƙa masa jerin kalmomin, shi kuma ya sanar in an ƙara ko an cire. Ka rubuta kalma, ka danna Enter ko waƙafi, ta koma ɗan ƙwaya mai alamar gogewa a gefe.

A kwamfuta ya yi aiki lafiya lau. Da na je sito, yaron Alhaji ya ciro wayarsa ta Android, ya rubuta "gero", ya sa waƙafi, shiru. Madannan Android da yawa ba sa faɗa wa shafi harafin da aka taɓa, lamba 229 kawai suke turowa. Muka daina sauraron madanni, muka koma duba abin da ya shiga akwatin. Enter kuma da farko aika fom ɗin shigar da kayan gaba ɗaya yake yi, sai da muka tare shi.

Amma inda na fi daɗewa shi ne rubutun mutanenmu. Wanda ya yi lakwal zai rubuta niébé da Faransanci, wani wake, wani Waké. Gyaɗa ma haka: mai ɗ a wayarsa daban, marar ita daban. Mu nan ƴ muke sawa, abokan cinikin Alhaji na Katsina kuwa 'y suke rubutawa. In aka bar su, kaya ɗaya ya rabu gida huɗu, lissafi ya lalace. Ban yarda a goge lanƙwasar haruffanmu ba. Akwatin yana barin kalma yadda aka rubuta ta daidai, wajen kwatantawa ne kaɗai yake ɗaukar ɗ da d abu guda, sannan da ka fara rubutu ya nuna maka wadda ke akwai. Niébé da wake kuwa da hannu muka haɗa su.

Alhaji ya gwada da kansa, ya ɗago ya ce, "Malam, ai har shi ma ya san gyaɗa." Bayan sati biyu wata makaranta ta nemi a riƙa ware ɗalibai da irin waɗannan kalmomi, ƙaramin yarona ya saka akwatin tsakanin azahar da la'asar.