Maus a jikin Sony da Xbox: abin da muke dubawa kafin mu karɓi kuɗin mutum

Shagonmu ƙarami ne a kudancin Jidda. Muna sayar da kayan gem, muna gyara, kuma akasarin masu shigo mana Hausawa ne: yaran da aka haifa a nan, da iyayensu, da alhazai masu neman tsaraba. A nan PlayStation ba ta da suna sai Sony, abin riƙewarta kuma Larabawa na ce masa yad, mu muna cewa hannu. Tambayar da ta fi yawa a bakin kanta ita ce, "Malam, wannan maus ɗin zai yi a Sony 5?" Amsarmu kullum wata tambayar ce: wane gem za ka buga da shi?

Dalili shi ne na'urar ba ta da matsala da maus. PS4 da PS5 suna gane shi da zarar an soka, Xbox ma ta fara karɓarsa tun a Nuwamban 2018. Amma ganewa daban, aiki daban. Kamfanin da ya ƙera gem ɗin shi ke da wuƙa da nama, in bai buɗe ƙofar ba, ko maus na zinare ka kawo ba zai motsa komai ba. Fortnite yana karɓa, Call of Duty tun daga Modern Warfare na 2019 har Warzone yana karɓa, haka The Sims 4 da Final Fantasy XIV. GTA V kuwa ba ya karɓa a na'urar, PUBG ma haka. Mai buga ƙwallo, wato FC da yara har yanzu ke kira FIFA, ba shi da abin yi da maus, ya riƙe kuɗinsa. Rabin kayan da ake dawo mana da su ana cewa sun lalace lafiyarsu ƙalau, gem ɗin ne bai san da su ba.

Akwai kuma abin da ke ruɗa mutane a minti na farko. An soka maus, fitilarsa ta kama, amma babu kibiya a fuskar talabijin. Ba lalacewa ba ce. Shafin farko na na'urar da hannu ake tafiyar da shi, sai an shiga cikin gem kibiyar ke fitowa. Don haka hannun ya kasance a kusa, da caji.

Wajen haɗawa, mai waya ya fi kwanciyar hankali. PS5 ta farko tana da ramin USB babba ɗaya da ƙarami ɗaya a gaba, manya biyu a baya. Siririyar da ta biyo baya ƙanana biyu ne a gabanta, don haka wayar maus sai ta zagaya baya, kuma a nan ne gajeriyar waya ke ba da kunya. Xbox Series X da S suna da ɗaya a gaba, biyu a baya. Maus da kibod sun cinye biyu ke nan. In mutum yana da hadis na waje, wato ma'ajiyar gem da ake sokawa a USB, da cajin hannu, ramuka sun ƙare, sai ya sayo hob mai rarraba rami ɗaya zuwa huɗu. Ramin USB 2.0 wutar milli-amp 500 yake bayarwa, na 3.0 kuma 900. Kibod mai fitilu kala-kala da maus mai fitilu a kan hob ɗin da ba shi da wutar kansa, sai ka ga ana tsakiyar wasa sun ɗauke sun dawo. Maganin ɗayan biyu ne: a kashe fitilun, ko a sayi hob mai nasa caja.

Marar waya iri biyu ne, kuma dole a bambance su. Akwai mai ɗan risiba da ake sokawa a USB, akwai mai Bluetooth zalla. Sony tana ɗaukar duka biyun. Xbox ba ta ɗaukar maus ta Bluetooth ko kaɗan, sai mai risiba. Ko a Sony ɗin ma ba ma ba mai gem ɗin harbi shawarar Bluetooth, domin yawancinsu sau 125 ko kusa da haka suke aika rahoto a daƙiƙa, alhali mai waya ko mai risiba na kirki yana kai 1000. Risibar kuma tana da nata hali. In aka soka ta a bayan na'ura, kusa da wayar hadis ta USB 3.0, kibiya sai ta riƙa tsalle tana makalewa, saboda irin waɗannan ramukan suna fitar da hayaniyar da ke shiga zangon rediyo na 2.4 GHz da risibar ke amfani da shi. Wayar ƙari mai tsawon mita ɗaya, a jawo risibar ta zauna a kan tebur kusa da maus, shi ke nan an gama. Mutane kan yi mamakin yadda ƙaramin abu irin wannan ke warware abin da suka yi mako suna zagin na'ura a kansa.

Maus masu tsada suna zuwa da manhajar saiti, G Hub ga Logitech, Synapse ga Razer, kuma babu wadda ke aiki a Sony ko Xbox. Shi ya sa muke da tsohuwar kwamfuta a kan kanta. Kafin mai saye ya fita, muna saita masa DPI, wato ma'aunin saurin tafiyar kibiya in an motsa maus, a 800 ko 1600, mu sauke saurin rahoto zuwa 1000 in irin mai 4000 ko 8000 ne, sannan mu adana a cikin ƙwaƙwalwar maus ɗin kansa. Wanda ba shi da wannan ƙwaƙwalwa zai koma yadda ya fito daga kamfani da zarar an cire shi. Lambobin DPI na dubbai da ake bugawa a jikin kwali talla ce kawai a wurina. Shimfiɗar maus mai faɗin santimita 40 ko fiye ta fi su amfani nesa ba kusa ba, musamman ga gidajen da teburin falo na gilashi ne, inda idon maus ba ya ganin komai.

In an gama wannan duka mutum ya ce yana jin nauyi, kibiya tana bin hannunsa a baya, talabijin za a duba. A kunna mata yanayin gem. A Call of Duty kuma a zaɓi maus a cikin saiti kafin a shiga fili, don da an fara wasa ba a canzawa. Yaro ya sani kuma cewa taimakon saita bindiga da gem ke ba mai hannu ba ya bin mai maus, kwanakin farko zai sha kashi.

Sai maganar adafta, irin su XIM da Cronus Zen da ƙananansu marasa suna. Aikinsu shi ne su juya motsin maus ya zama kamar na sandar hannu, na'ura ta ɗauka hannu ne, mai wasa ya haɗa daidaiton maus da taimakon da ba nasa ba. Kamfanoni sun ɗauke shi a matsayin maguɗi. A 2023 Ubisoft ta saka wa Rainbow Six Siege tsarin MouseTrap mai ƙara wa irin waɗannan jinkiri da gangan, Activision ma ta fara gano su a Call of Duty a shekarar. A Nuwamban 2023 Xbox ta fara toshe kayan da ba ta ba wa izini ba. Ba ma ajiye su. Ribar tana da kyau, amma uban da aka rufe wa ɗansa asusun da ya zuba wa riyaloli ba kamfani zai nema ba, shagon da ya sayar masa zai zo.

Gyara ba shi da yawa. Danshin Jidda da ƙura da gumin hannu su ne abokan gaba. Maus mai danna sau biyu alhali sau ɗaya aka taɓa shi, ɗan makunnin da ke ƙarƙashin maɓalli ne ya gaji. Ƙafa uku gare shi, a narke dalma a cire, a sa sabo. Sukurorin suna ɓoye a ƙarƙashin ƙafafun santsi, a ɗan ɗumama su kafin a ɓare, in ba haka ba za su lanƙwashe maus ya riƙa kartar shimfiɗa. Kibiya mai rawa ita kaɗai, sau da yawa gashi ɗaya ne ya kwanta a ramin ido. Maus na araha kuwa ba ma buɗe shi, kuɗin aikin ya fi kuɗinsa.

Alhaji ko Hajiya mai saya wa yaro a Kano ko Zinder, mai waya muke miƙa musu, mu rubuta sunayen gem ɗin da yake yi a jikin rasit. Risiba ba ta kai ƙwayar dabino ba, kuma in ta ɓace a cikin jakar tsaraba tsakanin Jidda da gida, maus ɗin ya zama abin wasan ƙanne.